Bishiya a faranti: a Al Thumama kurna ta fi kotoniyasta

A ƙasashen sanyi irin su Birtaniya, mai son koyon bonsai, wato renon bishiya a ɗan faranti har ta tsufa tsawonta bai wuce kamu ɗaya ko biyu ba, sau da yawa da kotoniyasta yake farawa. Ɗan ƙaramin itace ne dangin furen wardi, yawancin nau'o'insa daga tsaunukan Himalaya da kudu maso yammacin Sin suka fito. Ganyensa ƙanana ne, yana fure fari ko ruwan hoda, sannan ya yi 'ya'ya jajaye kamar tsakiya. A can ya yaɗu har ya zama ciyawa, dokar Ingila ma ta hana dasa wasu nau'o'insa a daji. Saboda haka mutum kan tono tsohon kututturensa daga shingen gida, ya sa a akwati, ya yi ta gyara shekara da shekaru.

To, 'yan uwanmu da ke Al Thumama, unguwar nan ta kudancin Doha mai filin ƙwallo mai siffar hula, inda Maroko ta fitar da Portugal a gasar cin kofin duniya ta 2022, su fa kada hoto ya ruɗe su. Kotoniyasta yana buƙatar sanyin hunturu na gaske don ya huta. Doha kuwa ta taɓa ganin zafin da ya haura maki 50 a watan Yulin 2010, ruwan samanta na shekara guda bai kai milimita 100 ba. In aka sa shi a baranda zai ƙone, in aka shigar da shi ɗaki iskar na'urar sanyaya ɗaki da ƙarancin haske su ƙarasa shi. Abin ɗauka a wurin Turawa da Japanawa shi ne dabarar. Itacen kuwa muna da namu.

Bishiyar da Ƙatar ke tinƙaho da ita, sidra, wadda ke jikin tambarin Gidauniyar Ƙatar, wadda kuma aka kwaikwayi rassanta a gaban babban zauren taron ƙasar, ai kurnarmu ce. Malaman tafsiri kan fassara sidr da magarya, kuma ba su yi nisa ba, don kurna da magarya 'yan gida ɗaya ne. Kurna na da duk abin da ake nema: ganye ƙarami, rassa masu karkacewa da kansu, bawo mai nuna tsufa, ga jure fari da sara. Aibinta ƙaya, sai a yi haƙuri da ita. Tsamiya ma tana yi, haka dangin ceɗiya da ɓaure. Akwai kuma kariya, mai ƙaton gindi da jan fure, wadda ake sayarwa a gidajen renon tsirrai na Doha. Ita ce mafi sauƙi ga ɗan koyo, amma ruwan jikinta dafi ne, gidan da ke da ƙananan yara a ɗora ta inda hannu ba ya kaiwa.

Japanawa na kiran bishiyar da aka tono daga daji yamadori, kuma ita ce mafi daraja, don wahala ta riga ta sassaƙa ta. Wanda ya tashi a ƙauye ya san irinta: kurnar bakin burtali da awaki suka yi shekaru suna gwaguya, gindi ya yi kauri, tsawo bai wuce gwiwa ba. Irin wannan akwai ta a ƙoramun hamadar Ƙatar da ake kira rauda. Kada a taɓa. Doka mai lamba 32 ta 1995 ta hana sara ko tumɓuke tsirran daji, hukuncinta tara ko ɗauri, kuma baƙon da ke zaune da takardar iƙama ya san abin da shiga hannun hukuma ke jawowa. Hanyar halal ita ce tsohon shingen gida da za a cire, da izinin mai gidan, ko tsohuwar bishiyar da ta daɗe a tukunya a gidan renon tsirrai ba a saya ba. Mai dogon haƙuri kuma ya shuka ƙwallon kanar, 'ya'yan kurnar da ke cika kasuwa lokacin sanyi.

Shekarar farko ba a yin komai, kuma nan ne yawancin mutane ke faɗuwa. An tono itace an datse masa saiwa, abin da yake bukata shi ne akwatin katako mai ramuka a ƙasa, ƙasa mai tsakuwa da ba ta riƙe ruwa, inuwa, da a ɗaure shi kada iska ta girgiza shi ta tsinke sababbin jijiyoyi. Ba almakashi, ba waya. Ko ya yi toho a makon farko ba shaida ba ce, don kututture kan yi toho da abincin da ya tara tun da. Sai ya ƙetare bazara guda yana ƙara ganye sannan a ce ya kama.

A shekara ta biyu ko ta uku ake zama a dube shi ta kowane ɓangare, a zaɓi fuskarsa, a zaɓi rassa uku ko huɗu da za su zauna, a cire sauran. Manoman Maraɗi ba za su ga baƙon abu a nan ba. Sassaben zamani da ya yaɗu a yankin tun shekarun 1980, inda ake barin tohon kututture mafi ƙarfi a gona a datse sauran, tunaninsu ɗaya. Su suna son bishiya ta miƙe, mai bonsai yana son ta yi kauri ta tsaya. Daga nan sai a naɗa wa rassa wayar alminiyam a lanƙwasa su a hankali. A zafin Doha reshe na kumbura da sauri, in aka manta da waya wata biyu sai ta nutse cikin bawo ta bar tabon da zai yi shekaru bai ɓace ba.

Farantin nan mai kyau da ake gani a hoto shi ne na ƙarshe. Kurna da tsamiya suna da uwar saiwa mai nutsawa ƙasa neman ruwa, ba a yanke ta gaba ɗaya a rana ɗaya. Duk bayan shekara biyu ko uku, in an zo sauya ƙasa, a rage ta kaɗan har ƙananan jijiyoyin gefe su karɓi aikin. Sai an kai nan a fara aikin ƙananan rassa: a bar toho ya yi ganye shida ko takwas, a mayar da shi biyu, ya sake rabuwa. Kafin abu ya yi kama da tsohuwar bishiyar bakin kasuwa, a yi lissafin shekara biyar zuwa goma.

Littattafan Turai za su ce a ji tsoron hunturu. A Al Thumama lokacin jin tsoro Yuni zuwa Satumba ne. Sauya ƙasa da babban sara a yi su da sanyi ya fara ja baya, wajen Fabrairu zuwa Maris, yadda itacen zai warke kafin zafi. Da bazara a rataya ragar inuwa, a ɗaga tukunya daga kan tayil, a guji baƙar roba don tana dafa saiwa. Ruwan famfo da rana, kowa ya sani, daga tankin saman bene yake saukowa kamar na shayi. A tara shi a bokiti ya kwana. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ma kada a raina shi, ba gishiri a cikinsa. Kariya ce kaɗai ba ta son yawan ban ruwa, ruɓewa take.

Sai babbar matsalar, wadda ba ta cikin littafi. A filin renon bishiyoyi na ƙasa da ke Washington akwai wani bonsai da aka fara reno a 1625, ya tsira daga bam ɗin Hiroshima a 1945, kafin Masaru Yamaki ya ba Amurka kyautarsa a 1976. Iyali ɗaya suka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu. Mu kuwa zamanmu a nan na kwantiragi ne, kuma hutun zuwa gida yakan faɗo daidai tsakiyar zafi, lokacin da kwana biyu ba ruwa ya isa ya kashe aikin shekara biyar. Don haka tun kafin a sayi almakashi a nemi wanda za a bar wa amana, a nuna masa yadda ake taɓa ƙasa da yatsa kafin a zuba ruwa.

Ranar komawa gida gaba ɗaya kuma, bishiya da ƙasarta ba kaya ba ne da za a cusa a jaka. Ana bukatar takardar shaidar lafiyar tsiro daga nan, da izinin hukumar killace kayan gona ta Najeriya, NAQS, kuma ƙasar tukunya ce abin da aka fi ƙin a shigo da shi. Wanda ba zai iya wannan zirga-zirga ba sai ya bar wa maƙwabci bishiyar, in ya isa Kano ko Damagaram ya nemi izinin mai gona, ya duba bakin burtali.