Faifan Ajiya Mai Gyangyaɗi

Mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ba su manta da Satumba 2021 ba, sa'ad da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga. A lokacin, wanda takardunsa ke intanet ya rasa hanyarsu. Wanda kuwa ya zuba nasa cikin faifan ajiya na waje, watau ɗan akwatin nan da ake jonawa da kwamfuta, bai fasa aiki ba.

Sai dai faifan nan in ya zauna ba aiki yakan daina juyawa, ya yi barci. Kafin ya farka kwamfuta ta tsaya cik, wani lokaci ma sai an sake jona shi.

Ga magani. A tsarin wuta na Windows an ƙayyade masa minti 20. A mai da shi 0, sa'an nan a hana ƙofar USB yanke masa wuta.

Amma fa muna jan kunne: faifai marar barci yana shan batir, yana kuma ɗaukar zafi, balle da bazara. In an gama aiki a cire shi, a kuma ajiye kwafi biyu. Rigakafi ya fi magani.