Yaron da ya ƙera jirgin Volta a kan teburin makaranta

A wannan watan labarin wani ɗalibina na kawo muku daga nan Yeji, bakin tafkin Volta. Ba zan faɗi sunansa ba domin yaro ne mai kunya, kuma ban nemi izinin mahaifinsa ba. Shekarunsa 14, yana aji biyu na ƙaramar sakandare, kuma in an bi ta rajistar aji, rabin kwanakin zangon karatun da ya wuce ba ya makaranta. Yana kan ruwa tare da mahaifinsa, suna ɗaukar fasinja da kaya.

Abin ya faro ne ranar da na kama shi yana sassaƙa wani guntun katako da reza a ƙarƙashin benci, alhali ni ina kan allo ina fama da darasin lissafi. Na karɓe, na ɗaga bulala, sai idona ya faɗa kan abin da ke hannuna. Ɗan kwale-kwale ne, bai fi tsawon tafin hannu ba, amma goshinsa da gindinsa sun fita sak irin na jiragen da ke tashar ruwa. Na ajiye bulalar. Bayan an tashi na kira shi, na ce in yana so ya ƙera na gaske, wanda kowane sashe nasa zai yi daidai da babban jirgi, sai ya iya lissafin nan da yake gudu. Ya ce, "Malam, lissafi kuma a cikin sassaƙa?"

Kafin in ci gaba, bari in yi wa waɗanda ke ganin wannan wasan yara ne bayani kaɗan. Ƙera ƙananan jiragen ruwa na katako tsohuwar sana'a ce. A shekarar 1920 masu tonon kayan tarihi sun buɗe wani ɗaki a kabarin Meketre, wani babban bafaden Fir'auna, kusa da Luksor a ƙasar Masar, suka tarar da ƙananan jirage na katako da matuƙansu, waɗanda suka kai shekara 4,000. Wasu suna birnin Alƙahira, wasu suna Niyok ta Amurka. A Ingila kuwa, tun ƙarni na 17 ake ƙera wa hukumar sojan ruwa samfurin jiragen yaƙi, galibi a kan ma'aunin 1:48, wato rubu'in inci yana tsayawa a matsayin ƙafa guda. Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne, itacen wawa namu na Gana, wanda ake kira obeche a Nijeriya, ayus a Kamaru, yana cikin katakon da masu wannan sana'a a Turai suke saye. Ba shi da nauyi, yana da laushi, wuƙa tana shigarsa ba gardama. Da shi ne masunta na bakin teku, Fante da Ga, suke sassaƙa manyan kwale-kwalensu daga gungume guda. Mu kuwa ragowarsa muke zuba wa murhu.

To, ranar Asabar muka ɗauki tef ɗin awo muka nufi bakin ruwa, muka auna jirgin mahaifinsa. Tsawonsa mita 15. Na ce mu rage shi sau 30. Yaron da a aji ba ya iya raba 12 gida 4 sai da yatsu, ya durƙusa a kan yashi yana zane da tsinke, har ya fito da santimita 50. Daga nan sai tambayoyi suka ɓalle. Falankin da kaurinsa santimita 3 ne zai koma nawa? Milimita 1. Mutum mai tsawon mita 1.7 fa? Bai kai santimita 6 ba. Wallahi shekarata ashirin da ɗoriya ina koyar da wannan babi, tun fitowata daga kwalejin horon malamai, ban taɓa ganin ya shiga kan yaro da sauri haka ba, kuma na ji kunyar kaina ƙwarai.

Sai dai ni ba kafinta ba ne, iyakacina alli da allo. Don haka muka je wurin wani tsoho mai ƙera jirage a bakin tafki, wanda ya ce tun yana saurayi yake wannan aiki. Ya saurare mu yana murmushi, ya nuna mana tarin ragowar katako ya ce mu ɗiba. Kayan aikin ba su da yawa: ƙaramin zarto, wuƙa mai kaifi, rula, fensir, allurai, takardar gogewa mai kaushi da mai laushi, da farin gam na kafintoci. Tsarin kuwa iri ɗaya ne da na babban jirgi. Ana fara shimfiɗa ƙasan jirgin a ja layi a tsakiyarsa, a kafa haƙarƙari a jere, kowanne a tsaye cak, a goge bakinsu har falanki zai kwanta a kansu ba tare da rata ba, sa'an nan a rufe jiki da siraran falankai. Falankin da zai lanƙwasa wajen goshi sai an jiƙa shi a ruwan zafi, a lanƙwasa shi a hankali, a kafe shi da allurai ya bushe a haka, kashegari a sa masa gam.

A nan ne gaggawa ta kayar da yaron. Mako biyu ya yi yana aiki bayan an tashi daga makaranta, ya rufe ɓangaren dama gaba ɗaya tun daga ƙasa har sama, don ya ga yadda zai yi kyau, ya bar hagu tsirara. Da falankan suka bushe sai suka ja haƙarƙarin zuwa gefe guda, jirgin ya karkace kamar ayaba. Muka kai wa tsohon. Ya rufe ido ɗaya ya hango shi daga goshi zuwa gindi, ya miƙa masa ya ce, "Ɗana, wannan ba ya gyaruwa. Falanki ɗaya a dama, ɗaya a hagu, haka ake yi, babba ne ko ƙarami." Yaron ya ce, "Baba, ko a danne shi da dutse?" Tsohon ya girgiza kai kawai.

Kwana biyar ban gan shi a makaranta ba. Na ɗauka shi ke nan, na kashe maciji ban sare kansa ba, na kuma fara zargin kaina da cewa na ɗora wa yaro abin da ya fi ƙarfinsa. Ranar Litinin sai ga shi da sababbin haƙarƙari guda tara a cikin leda, ya yanka su a gida da fitilar hannu. Yatsunsa biyu a naɗe da tsumma.

Jirgi na biyu ya ci wata biyu da rabi. Hunturu ya same mu a tsakiyar aikin, falankai suka riƙa tsagewa saboda bushewa, dole muka koma ajiye su cikin ɗanyen tsumma. Farin gam kuma ba ya jure ruwa, don haka sai da aka cike kowace kafa da garin zarto da aka kwaɓa da gam, aka goge, aka shafa fenti sau uku ciki da waje. A duk tsawon wannan lokaci kwana uku kacal ya yi fashi, domin sharaɗina shi ne jirgin yana kwana a kabad ɗina, kuma ba ya fitowa sai ga wanda ya zauna aji tun safe.

Ranar gwaji muka cika babban baho da ruwa a tsakar makaranta, 'yan aji suka kewaye. Jirgin ya zauna a kan ruwa daram, ba ya yoyo. Na yi musu bayanin cewa nauyi ba sau 30 yake raguwa ba, sai 30 sau 30 sau 30, wato 27,000, saboda haka buhun masara mai kilo 100 a wannan jirgi bai kai giram 4 ba. Muka jera tsakuwa a ƙasan jirgin, ya ɗauka, ya ɗan nutse kaɗan. Sai muka kwashe tsakuwar nan, ita ɗin dai ba ƙari, muka ɗora ta a kan wani ɗan katako da muka gitta a saman jirgin. Wata yarinya ta taɓa ruwan da yatsa, jirgin ya kife nan take. Aka yi tsit. Yaran nan duk 'yan bakin ruwa ne, babu wanda bai taɓa ganin jirgi ya tashi ranar kasuwa da buhuna a tule, mutane a zaune a kansu ba.

Mai karatu ya san tarihin wannan ruwa. Kafin madatsar Akosombo da aka gama a 1965, kogi ne a nan, kuma ta Yeji fataken goro suke ƙetarewa zuwa Salaga. Da ruwa ya taru ya zama tafki mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,500, ya tashi mutane wajen 80,000, ya kuma shanye dazuzzuka ba tare da an sare itatuwansu ba. Kututturan suna nan a tsaye a ƙarƙashin ruwa, kuma su da lodin da ya wuce kima ne ake yawan ambata duk lokacin da jirgi ya nutse da jama'a. A ra'ayina, wannan gwaji na baho ya kamata a yi shi a kowace makaranta da ke bakin tafkin, kafin a kai ga zancen rigar ruwa da dokokin hukuma.

Yaron ya kai jirgin gida. Kashegari mahaifinsa ya zo makaranta da kansa, karo na farko tun da na san shi. Bayan gaisuwa ya ajiye jirgin a kan teburina, ya ce, "Malam, wurin zaman injin ya yi ƙasa da yawa, igiyar ruwa za ta shigo ta baya." Na duba, gaskiyarsa. Na yi amfani da wannan dama na roƙe shi ya bar yaron ya zauna har ya rubuta jarrabawar kammala ƙaramar sakandare baɗi. Ya yi shiru, ya ce ɗaukar wani yaron aiki kuɗi ne, amma zai duba. Ranakun kasuwa dai ba zai iya sakinsa ba. Muka rabu a kan haka.

Yanzu yaron ya cire katakon bayan jirgin yana sake yanka wani mai tsayi, kuma yara huɗu sun kawo nasu guntayen wawa suna jiran a ba su wuri a kabad.