Tabarau: Abin da ya kamata a duba kafin a zaɓi firam

Da zarar an gama auna ido an rubuta takarda, yawancin mutane kan ɗauka an gama mai wuyar. Sai a wuce inda aka jera firam-firam, a ɗauki wanda ya fi ƙyalli, a leƙa madubi, a tambayi kuɗi. Cikin minti biyar an yanke shawara a kan abin da zai zauna a fuska tun daga asuba har bayan isha'i, na tsawon shekara biyu ko uku.

Awo na iya zama daidai, gilashin ma mai inganci, amma mutum ya koma gida da ciwon kai ko jiri, ya jefa tabarau cikin durowa yana cewa maganin bai karɓe shi ba. Sau da yawa laifin firam ne.

Kowane gilashin magani yana da cibiya, kuma ana so cibiyar ta tsaya daidai da ƙwayar ido. Shi ya sa masu haɗa tabarau ke auna tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin ido biyu, wadda a wajen manya kan kama daga milimita 54 zuwa 74. Idan firam ya karkace, ko yana zamewa zuwa ƙasan hanci, mutum na kallo ne ta gefen cibiyar, sai idanu su yini suna kokawar haɗa hoto ɗaya. Gwargwadon ƙarfin maganin, gwargwadon wahalar.

A cikin ƙafar yawancin firam akwai wasu lambobi da ba kasafai ake kula da su ba, kamar 52, 18, 140. Na farko faɗin gilashi ɗaya ne, na biyu faɗin gadar da ke zama a kan hanci, na uku tsawon ƙafar da ke tafiya bayan kunne, duka da milimita. Wanda ke da tsohon tabarau da ya zauna masa sosai zai taƙaita wa kansa wahala idan ya je da shi aka nemo mai lamba kusa da tasa.

Hanci ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin, kuma a nan aka fi yin kuskure. Firam da yawa da ake shigowa da su an ƙera su ne bisa karan hanci mai tudu. A fuskar da karan hancinta ke kwance, irin wannan firam, musamman na roba, kan sauko ya zauna a kan kunci, ya motsa duk lokacin da aka yi murmushi, gashin ido na shafar gilashi. Mai irin wannan hanci ya fi dacewa da firam mai 'yan robobi biyu da ake iya matsewa ko buɗewa. Gwajin ba shi da wuya: a saka, a sunkuya kamar za a yi ruku'u, a girgiza kai. In ya zame a cikin shago mai fanka, to a ranar Afrilu da gumi sai abin da ya ƙaru.

Ga mata akwai ƙarin abin lura. Ɗankwali ko hijabin da ya kama kai yana danna ƙafar tabarau a jikin fata, kuma ƙafa mai kauri kan bar ciwo a bayan kunne kafin la'asar. Siririyar ƙafa ta fi sauƙi, kuma gara a gwada firam da irin ɗaurin da aka saba fita da shi.

Takardar likita ma tana da ta cewa. Gilashin wanda ba ya ganin nesa, mai alamar ragi a gaban lambarsa, siriri ne a tsakiya mai kauri a gefe. Idan maganin ya yi ƙarfi, manyan firam na yayi za su fito da kaurin fili su ƙara nauyi, alhali ƙarami mai ɗan zagaye zai yanke mafi yawansa. Shi kuwa mai gilashin da ya haɗa ganin nesa da karatu yana buƙatar firam mai isasshen tsayi daga sama zuwa ƙasa, don kada a datse ɓangaren karatun.

Batun siffar fuska, wanda aka fi yayatawa a intanet, cewa mai zagayayyar fuska ya nemi firam mai kusurwa, mai faɗin muƙamuƙi ya nemi mai zagaye, shawarar ado ce kawai. Ba laifi a bi ta, amma bayan an gama da sauran.

Wajen kayan da aka ƙera firam, na ƙarfe mai araha kan ƙunshi sinadarin nikel, wanda ke sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje inda ya taɓa fata, musamman idan gumi ya cinye fentin. Na titaniyom ba shi da nauyi kuma ba ya tsatsa, sai dai tsada. Na roba kuwa zafi ne abokin gabarsa, barinsa a gaban mota da rana ya isa ya lanƙwasa shi. Yara sun fi buƙatar firam mai lanƙwasuwa da gilashin roba mai wuyar fashewa, kuma daidai fuskarsu ta yau. Dabarar sayen babba don yaro ya girma a ciki ta riga ce, ba ta tabarau ba.

Sai tabarau na karatu da ake sayarwa a kasuwanni da tashoshin mota. Daga wajen shekara 40 ido kan fara gaza ganin ƙananan rubutu, kuma waɗannan na iya taimakawa. Amma ƙarfinsu ɗaya ne a idanu biyu, tazarar cibiyarsu ɗaya ce ga kowa, sannan mai talla ba zai gano hawan jinin ido ba, cutar da ke cin gani a ɓoye ba tare da ciwo ba. A rahotonta na 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da matsalar gani, kuma aƙalla biliyan ɗaya daga ciki matsalar da za a iya karewa ce ko wadda ba a kai ga magancewa ba.

A Najeriya, hukumar ODORBN ce ke yi wa masu auna ido da masu haɗa tabarau rajista, kuma mai saye na da damar tambayar shaidar rajistar. Ranar karɓar tabarau kuma kada a amshe shi a cikin kwali a wuce. A saka a gaban wanda ya haɗa, ya daidaita ƙafafun da robobin hanci, a karanta rubutu, a kalli nesa. Idan bayan mako biyu ciwon kai bai tafi ba, a mayar da shi a sake auna cibiyar.