Tsohuwar Waya A Kasuwar Mayahi: Jiran Saƙon Da Ba Lallai Ya Zo Ba

Duk wanda ya saba cin kasuwar Mayahi ran Litinin, ko ta Tasawa ran Lahadi, ya san cewa rumfar mai cajin waya da ta mai gyara sun zama kamar bakin rijiya, ba a raba su da jama'a. Daga mai kukan wayarsa ta yi nauyi, sai mai cewa batir ba ya kai shi azahar, sai kuma baiwar Allah wadda WhatsApp ya rufe wa ƙofa tun da safe, ya ce sai an sabunta shi, alhali ga mai jiran ta gaya masa yadda tiyar wake ta kwana. Amsar da aka fi ba su ita ce su yi haƙuri, kamfani zai aiko da "mizajur", wato abin da 'yan uwanmu na Katsina da Kano ke ce wa "ofdet". To, a gaskiya wayoyi da yawa da ke hannunmu babu wani saƙo da ke tafe musu, kuma gara mu san haka tun da wuri.

Ba ƙaramin abu ba ne waya ta tsaya wa ɗan kasuwa. Wata masaniyar tattalin arziki daga Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da salula ke shigowa gari bayan gari, ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100 a inda layi ya isa. Dalili kuwa, dillali ya daina hawa mota don kawai ya ji nawa gero yake a Maraɗi. Wannan fa a zamanin Celtel ke nan, da 'yar waya mai madannai. Yau hoton jar akuya ake turawa kafin a yi ciniki, mai man gyaɗa da ƙuliƙuli tana karɓar saƙon murya daga masu saye, 'yan adashi suna da zaurensu, kuɗi kuma suna bi ta Nita da Amana da Airtel Money. Rumfar mutum rabinta tana cikin aljihunsa.

Abin da ake kira sabuntawa iri uku ne, kuma ruɗa su da ake yi shi ke sa a ci kuɗinmu a banza. Akwai sabunta manhaja ɗaya, kamar WhatsApp ko Facebook, wadda kowa zai iya yi daga Play Store in yana da intanet. Akwai facin tsaro, wanda ke toshe kafofin da ɓarayin zamani ke bi su shiga waya. Sai kuma babbar, wato sauya ita kanta Android daga lamba zuwa lamba ta gaba. Wannan ta ƙarshen ita ake ta jira, kuma ita ce ba ta cika zuwa ba.

Hanyarta ce ke da nisa. Kamfanin Google yana fitar da sabuwar Android kusan kowace shekara, ta 15 a 2024, ta 16 a 2025. Amma ba daga Google take faɗowa cikin wayarki ba, Hajiya. Sai masu ƙera ƙwaƙwalwar waya, irin su MediaTek da Unisoc, sun daidaita ta da kayansu, sannan kamfanin da sunansa ke bayan wayar ya zauna ya yi nasa aikin a kan kowane samfuri, ya gwada, ya aiko. Duk wannan kuɗi ne, waya kuwa an riga an sayar, ba za a sake biya ba. Shi ya sa ƙananan wayoyi masu araha da yawa da lambar da suka zo da ita suke tsufa, in an yi sa'a su samu facin tsaro na ɗan lokaci, daga nan shiru. Tecno da Infinix da itel, waɗanda suka cika teburan masu sayarwa daga Maraɗi har Damagaram, duk na kamfani ɗaya ne, Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, kuma kusan rabin wayoyin zamani da ake sayarwa a Afirka nasa ne.

A can sama kuwa labarin daban ne. A 2023 Google ya yi alkawarin shekara 7 na sabuntawa ga wayarsa Pixel 8, a 2024 Samsung ya yi irinsa ga Galaxy S24, sannan ya ba Galaxy A16, wadda ba ta kai su tsada ba, shekara 6. Ƙungiyar Tarayyar Turai ma ta mayar da abin doka: daga 20 ga Yunin 2025, wayar da za a shigar kasuwarsu dole a ci gaba da sabunta ta aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da samfurin, a kuma ajiye kayan gyaranta shekara 7. Mu a ganinmu abin ya zo a juye. Wanda ke iya sauya waya duk shekara shi aka yi wa dogon alkawari, wadda ta tara ribar ƙosai wata da watanni kafin ta saya, kuma take fatan wayar ta yi mata shekara biyar, ita aka bari da gajere.

Sai dai kada hankali ya tashi. Rashin sabuwar Android ba ya kashe waya rana ɗaya. Abin da ke kashe ta a wurin ɗan kasuwa shi ne ranar da manhajar da yake ci da ita ta juya mata baya, kuma wannan yana ɗaukar shekaru. WhatsApp ya bar wayoyin Nokia S40 a ƙarshen 2018. A Oktoban 2023 ya bar duk wayar da ba ta kai Android 5 ba, ita kuwa Android 5 tun 2014 ta fito. A 2025 ya bar iPhone 5s da iPhone 6, irin waɗanda har gobe ake iya tallata wa mutum a matsayin na hannu masu kyau. Ke nan mai Android 10 ko 11 yana da sauran tafiya a gaba, mai 5 ko 6 kuwa ya fara tanadi. Ana ganin lambar a cikin saitin waya, can ƙasa inda aka rubuta bayaninta, kuma ko yaron shago zai iya dubawa.

Galibin wayoyin da ake kai wa mai gyara da sunan sun tsufa, cika suka yi. Zaurukan WhatsApp suna zubo bidiyon wa'azi da na biki da na barkwanci dare da rana, wayar tana kwashewa da kanta, har a wayi gari babu wurin da sabuwar manhaja za ta sauka. A kashe saukarwa ta kai tsaye, a kwashe hotuna zuwa katin memori, a goge wasannin da yara suka cika, sai ka ga wayar da aka yanke wa ƙauna ta miƙe. Facebook Lite ma ya fi babban sauƙi ga ƙaramar waya.

Batir kuma babban maƙiyinsa zafi ne, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu ma'auni yana haura 40. Wayar da aka ajiye a kan faranti cikin rana, ko ake kira da ita tana jone a caji, ko aka tura ƙarƙashin matashi ta kwana tana ci, batirinta ba zai yi ƙarko ba. Barin sa ya mutu murus kullum kafin a jona shi ma yana rage masa kwana. Mun san wannan ya fi sauƙin faɗi, domin wutar Nigelec ta wannan yanki daga Katsina take zuwa ta Gazawa, kuma ba mu manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kowa ya koma ga masu janareta da faranti mai aiki da rana. Duk da haka, batirin da ya kumbura har ya ɗaga murfi a cire shi nan take, yana iya kamawa da wuta. Sauya batir bai kai sayen waya ba. Wani lokacin ma ƙurar hunturu ce ta toshe bakin caji, tsinke ya ishe ta in an kashe wayar an bi a hankali.

Inda muka fi jin tsoro shi ne wurin gajen haƙuri. In WhatsApp ya ƙi buɗewa, sai wani ya ce kawo in tura maka ta Xender, ko ya sa maka GB WhatsApp mai kwalliya. Wannan ba na kamfanin ba ne, ana iya rufe lambar mutum saboda shi, kuma babu wanda ya san abin da aka cusa a ciki, a wayar da kuɗin mutane ke bi. Haka nan "filashin" da masu gyara ke yi yana share komai: lambobin abokan ciniki, saƙon muryar da wani ya amsa bashin buhu uku a ciki, hoton takardar aiken kuɗi. Sannan in an gama, wayar takan nemi adireshin Google da kalmar sirrin da aka buɗe ta da su, wanda sau da yawa mai shago ne ya ƙirƙira ranar saye, shi ma ya manta. Waya lafiya lau sai ta zama dutse. A rubuta adireshin nan da kalmar sirrinsa a takarda, a ajiye a gida inda ake ajiye takardar gona. Bashi kuma a ci gaba da rubuta shi a littafi, ko da yana cikin waya.

Ga mai shirin saye, sabuwa ce ko ta hannu, daga Maraɗi ko daga kasuwar Farm Centre ta Kano aka kawo ta, girman gilashi da yawan idanun kyamara su ne mai sayarwa zai fara nunawa. A tambaye shi shekarar da samfurin ya fito, lambar Android nawa ke ciki, wurin ajiya nawa ne, kuma ana samun batirinta da gilashinta a Tasawa ko sai an aika. In ta hannu ce, a sa shi ya cire adireshin Google na mai ita na farko, a kunna ta, a sa layi, a buɗe WhatsApp a gabansa kafin a ƙirga masa jika ko ɗaya.