Linzamin Kwamfuta Marar Igiya

Linzamin farko da Douglas Engelbart ya ƙirƙiro a Amurka a 1964 na katako ne, da igiya kamar wutsiya, shi ya sa Turawa suka kira shi ɓera. A 1991 kamfanin Logitech ya fitar da marar igiya.

Yana da daɗin aiki ƙwarai. Sai dai akwai wani ɗan ƙanƙanin abu da ake sokawa a ramin USB, in ya ɓace linzami ya zama kwalliya. Nawa ya ɓace wata Asabar da dare, ga sanarwar Lahadi ban buga ba. Yanzu kusa da batir nake ajiye shi, in kashe makunnin ƙasa.