Ɗana Yana Son Sauya Kwas A Jami'a

TAMBAYA: Wani manomi daga Giwa ya rubuto mana cewa ɗansa yana shekarar farko a jami'a, yana karanta ilmin aikin gona, amma yanzu ya ce fannin kasuwanci yake so. Shin ya bar shi ya sauya?

AMSA: To Malam, in dai za a sauya, ƙarshen shekarar farko ya fi sauƙi. Yaro ya fi ƙwazo a abin da ransa ke so, wanda kuwa ya dage kan abin da ba ya ganewa yana iya faɗuwa har a sallame shi. Ga kuma lissafi: digirin aikin gona shekara 5 ne, na kasuwanci 4.

Sai dai fannonin biyu sun yi nisa da juna, don haka ana iya cewa ya koma aji ɗaya. Ke nan kuɗin makaranta da na ɗaki na bana sun tafi, shekara 5 ɗin dai zai yi. Kuma sashen kasuwanci ba zai karɓe shi ba sai akwai gurbi, ga sakamako mai kyau, da kiredit a lissafi da tattalin arziki a WAEC ko NECO. In an amince, a gyara bayanansa a hukumar JAMB, gudun matsala lokacin bautar ƙasa.

Ku zauna da shi, ku ji ko karatun ne ya gagare shi, ko abokai yake bi. Allah ya zaɓa masa mafi alheri.