Shin Ko Kun San? Tafiyar da Aka Ce Ba Ta Ƙarewa

Shin ko kun san cewa kusan shekara 2,500 da suka wuce wani masani ya kafa hujjar cewa matafiyi ba zai taɓa isa inda za shi ba? Sunansa Zeno, mutumin Eleya, wani garin Girkawa a kudancin Italiya ta yau. Ga yadda take: wanda ya tashi daga Matazu za shi Malumfashi, dole ya fara cin rabin hanya. Sai rabin abin da ya rage, sai rabin ragowar, haka dai ba iyaka. To yaushe za a gama zangon da ba ya ƙidayuwa? An ce da wani masani mai suna Diyojinis ya ji zancen bai ce uffan ba, miƙewa kawai ya yi ya taka. Kowa ya san ana isa. Nuna inda hujjar ta karkace shi ne ya ci wa masana tuwo a ƙwarya.

Masu lissafi suka ce a tara guntayen a gani: rabi, da rubu'i, da sumuni, da rabin sumuni. Kullum jimlar tana matsowa kusa da ɗaya, ba ta taɓa wuce shi. Lokacin ma haka yake tsukewa. In tafiyar ta awa guda ce, zangon farko minti 30 ne, na biyu 15, na uku 7 da rabi, duk a cikin awar nan. Niwuton na Ingila da Laibiniz na Jamus ne suka bunƙasa wannan fage na lissafi a ƙarni na 17, sannan Koshi na Faransa ya ɗora shi a kan tushe mai ƙarfi a littafinsa na 1821.

Ko kun san har gero Zeno ya sako cikin muhawarar? Ya ce ɓarbashin ƙwaya ɗaya in ya faɗi ba a jin ƙararsa, amma a juye buhu a ƙasa, kowa zai ji. Daga ina ƙarar ta fito? Yau an san cewa ko ɗan ƙanƙanin abu yana motsa iska, kunne ne ke da iyakar abin da yake kamawa.

Malaman Musulunci ma sun sha wannan gardama, kuma abin takaici ne yadda ba a cika faɗa wa ɗalibanmu ba. A Basra, a ƙarni na 9, Abul Huzail ya ce rabawa tana da ƙarshe, akwai ƙwayar da ba ta sake rabuwa. Malaman Ash'ariyya suka riƙi wannan ra'ayi, shi ne jauharul fardi da ake ambata a ilimin tauhidi. Nazzam, almajirin Abul Huzail, ya ƙi. Ya ce rabawa ba ta da iyaka, sai dai mai motsi tsallake yake yi, yana barin wani gurbi ya dira a wani ba tare da ya bi duk na tsakani ba. Wannan ya kira ɗafra. Ibn Sina kuwa ya bi Aristotal: sarari a miƙe yake, ba ƙwaya-ƙwaya ba. Har gobe kimiyya ba ta raba wannan gardama ba.

Matsala irin wannan da ta fi ɗaure mini kai a gona take. Ɗauki gonar dawa mai kusurwa huɗu daidai, mita 400 gabas, mita 300 arewa. Wanda ya bi iyaka daga wannan kusurwa zuwa waccan ta ƙetare ya taka mita 700. Wanda ya ratsa ta tsakiya a miƙe, mita 500. Na uku ba ya son ya tattake shuka, sai ya ɗan bi kwarin kunya gabas, ya tsallaka arewa, ya sake gabas, ya sake arewa. Nawa ya taka? Mita 700 cif. A ƙanƙanta kwanar ta koma taku ɗaiɗai, 700 ce. A mayar da ita tsawon ƙwayar gero, yadda ido zai rantse layi ne miƙaƙƙe, ba ta ragu da ko taƙi ɗaya ba. Dalili kuwa, duk guntun da ya yi gabas in aka haɗa 400 ne, na arewa 300, kuma ko sau ɗaya bai fuskanci kusurwar da ya nufa ba. Hanyarsa ta matso jikin miƙaƙƙen layin, tsawonta bai matso ba.

Mai shakka ya samo igiya. A zana ƙafa 4 da ƙafa 3 a tsakar gida, irin awon da magina ke daidaita kusurwar ɗaki da shi. Igiya mai ƙafa 5 za ta haɗa kusurwa da kusurwa, amma in aka lanƙwasa ta hawa-hawa kamar matakala, sai an ƙaro ƙafa 2.